Lambar Sirrin Baba Ma'auni

A duk ma'aikatar gwajin ruwan nan babu ɗakin da ya kai nata ƙanƙanta. Asalinsa ma wurin ajiye tsofaffin kwalabe ne, aka share shi aka cusa tebur ɗaya, kujeru biyu da wata fanka mai kukan tsiya, aka ce ga ofishin mai kula da katuna. Ma'aikatan gidan kuwa, da yake ba su raina abin tsokana, suka laƙaba mata Uwar Kati. Tun tana ɓata rai har ta koma amsawa, don ko ba ta amsa ba, ba fasawa za su yi ba.

Aikin nata ba mai wuyar ganewa ba ne. Duk sakamakon gwajin da zai fita daga gidan, na rijiyar makaranta ne ko na tankin asibiti, sai wani babba ya sa masa hannu, ya ce ruwan nan a sha, ko ya ce kada a kuskura. A da, da biro ake yi. Yanzu kati ake zurawa a kwamfuta, mai ɗan ƙarfe ruwan zinariya a gefe. A cikin ƙarfen akwai wani mabuɗi da ba ya fitowa ko da roƙo, tare da satifiket mai shaida cewa mabuɗin na wane ne. In mai katin ya buga lambar sirrinsa, katin ya sa hannu da sunansa. In ya yi kuskure sau uku a jere, katin ya kulle kansa, saƙo ya tafi wurin Manaja. Ita ke ba da katunan, ita ke sabunta satifiket in wa'adinsa ya cika, ita ke soke shi in mutum ya bar aiki.

An sayo wata manhaja mai hotuna da maɓallai kala-kala domin wannan aikin, amma ko kallo ba ta ishe ta ba, wai tana rufe mata abin da ke faruwa a ciki. Ta fi son baƙin allon nan da ba komai a kansa sai ɗan layi yana ƙiftawa. Ta rubuta umarni, katin ya ba ta amsa ba kwana-kwana. Takan ce abin da ke burge ta da baƙin allo shi ne ba ya yi wa kowa kara.

Tana da doka ɗaya da har masu shara sun sani. In an zo wurin sa sabuwar lamba, sai ta tura wa mai katin madannan kwamfuta, ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Allon dai ko ɗigo ba ya nunawa in ana buga lambar, amma ai yatsu ana ganinsu. Mutane su yi ta yi mata dariya, su ce Uwar Kati ta yi fushi da mu. Ita kuwa ta ce lambar da mutum biyu suka sani ta tashi daga sa hannu, ta zama hatimin da kowa zai iya bugawa.

Shugaban ɗakin gwajin kawunta ne, yayan mahaifiyarta. Baba Ma'auni ake ce masa, saboda yakan mayar da sakamako baya don ɗigo ɗaya ya zauna inda ba wurinsa ba. Shi ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinta, shi ya koya mata ƙirga a kan teburin cin abinci da murafen kwalba. A gaban mutane Yallaɓai take ce masa, shi kuma ya ce Malama. Sai an rufe ƙofa ne yake komawa Kawu, ita ta koma Auta.

Ranar da ya fara rufe ƙofar ofishinta da kansa, ba ta kawo komai a ranta ba. Ya miƙa mata katin yana murmushi, ya ce ta tambayar masa wannan ɗan banzan saura sau nawa zai yi haƙuri da shi. Ta zura, ta rubuta umarnin, allon ya ce saura ɗaya. Ya yi tsaki, ya ce duniya ce ta cika da lambobi, ta waya daban, ta ƙofa daban, ta banki daban, kan mutum guda ina zai kai su. Ta yi amfani da babban mabuɗin da ke hannunta ta buɗe masa hanyar sa sabuwa, ta juya wa bango. Tunda katin bai kai ga kullewa ba, babu saƙon da ya je ko'ina.

Tun yana zuwa wata-wata har ya koma mako-mako. Kullum da sabon abin da zai ɗora wa laifi, yau madannan ofishinsa ne suke maƙalewa, gobe tabarau ne ya bari a mota. Kullum kuma allon abu ɗaya yake faɗa, saura ɗaya. A nan ne ta fara jin haushin allon da take yabo. Da mutum ne, da ya ɗan sassauta murya, ko ya kau da kai ya ce ai kowa ma yana yi.

Ta riƙa ba wa kanta haƙuri cewa manta lamba daban, manta aiki daban. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Mataimakiyarsa a ɗakin gwaji ta ba ta labari a wurin shan shayi cewa kallo ɗaya ya yi wa wani sakamako ya ce a sake, injin ne bai wanku ba, aka sake kuwa maganarsa ta fito. Sai dai matar ta juya cokali a kofi, ta ƙara da cewa a ranar ya yi ta tambayar ta a kan samfurin ruwa guda har ta gaji da amsawa. Ta faɗa da dariya, amma ba ta ɗago ido ba. A gidan da ake gwada ruwa, kowa ya san ruwa ba ya tsami banza.

Sai ga wa'adi ya matso. Ta rubuta umarnin duba kwanakin satifiket ɗin kowa kamar yadda ta saba, nasa ya fito a sama, ƙarshen wata zai mutu. Sabuntawa ba wani aiki ba ne, layi biyu ne ko uku. Amma a cikinsu akwai inda ita mai kula da katuna za ta tabbatar cewa katin yana hannun mai shi, kuma shi kaɗai ke iko da lambarsa. Shekara da shekaru tana tabbatar da wannan ba ta ko karantawa.

Da yamma ta tarar da Mama a falo tana ninke kayan da aka kwaso daga igiya. Ta zauna ta kama kan zanin gado, suna ja suna haɗawa. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta ce, "Mama, Kawu fa kwanan nan yana yawan mantuwa."

Mama ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce, "Yau kika sani? Ranar nan da sunan marigayiya yayarmu ya kira ni. Na amsa masa, mene ne a ciki?"

"A wurin aiki ne abin yake damuna. Lambar katinsa ba ta zama masa a kai."

"To ke ba ga ki nan ba? Ki riƙe masa mana. Lamba nawa ce da za ta gagare ki?"

"Ba a yin haka, Mama."

"Ba a yi! Shi da ya yi ta ɗaukar ki a kafaɗa yana kai ki makaranta, wa ya ce masa ana yi?" Ta karɓe zanin ta ƙarasa ninkewa ita kaɗai, da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. "Tun da matarsa ta rasu, aikin nan ne ke tashinsa da safe. Ranar da kuka raba shi da shi, wallahi kun gama da shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki bar kaza cikin gashinta, Auta."

Gaskiyar magana kuma, rabin zuciyarta yana bayan Mama. Tana son Kawu son da ba ta taɓa faɗa masa ba, don a gidansu ba a faɗar irin wannan, sai dai a zuba wa mutum ruwa a kofi tun bai tambaya ba. Ta kwanta da niyyar za ta riƙe masa lambar, ta tashi da niyyar ba za ta riƙe ba.

Ranar Juma'a da rana, mutane sun ragu a gidan, ya shigo ya rufe ƙofa. Ta ce, "Kawu, gara da ka zo. Satifiket ɗinka ya kusa mutuwa, sai mun sabunta. Ka tuna lambar?"

Ya ce, "Da na tuna me zai kawo ni wannan akurkin naki?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta zura katin, ta buɗe da babban mabuɗi, allon ya nemi sabuwar lamba. Ta tura masa madannai ta juya. A bangon akwai wani ƙusa da aka taɓa rataya kalanda, shi ta ƙura wa ido.

Tsarin allon shi ne mutum ya buga sabuwar lamba, sannan ya sake buga ta a layi na biyu don a tabbatar. Ta ji ƙarar madannai guda shida a jere, da ƙarfin gwiwa, ta ji ya danna babban maɓalli. Sai shiru. Fanka tana ta kukanta. Ta ji guda biyu, aka tsaya, aka ƙara ɗaya, aka daɗe, aka ƙarasa da sauri kamar mai tsallake kwata.

Ya ce, "Wai ba su zo ɗaya ba."

"Ba komai, Kawu. Danna kibiyar sama, umarnin zai dawo, ka sake."

Ya sake. Ta ji shi yana maimaita wani abu ƙasa-ƙasa, ta toshe kunnuwanta da yatsu don kada ta ji. Da ta cire, shirun nan ne dai a layi na biyu. A da, daga ofishinta zuwa ƙarshen mako lambar ke ɓace masa. Yau daga layi zuwa layi ne. Ta gode wa Allah da dokarta ta sa ba ya ganin fuskarta.

Can ya ce, "Juyo, Auta."

Ta juyo. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, alhali babu abin gogewa.

"Ki zaɓa min wata ke da kanki, ki riƙe a wurinki. In zan sa hannu sai in kira ki, ki zo ki buga min. Daga ni sai ke. Karatun takardar ai ni zan yi, lamba ce kawai."

Hannunta har ya kai kan madannai. Lambar ma ta riga ta zo mata, mai sauƙi, wadda ba za ta taɓa mantawa ba. Babu wanda zai sani, allon ba ya gane yatsun wa suka taɓa shi. Ta janye hannun ta ɗora a cinya.

"Kawu, in ni na buga, wa ya ce wa mutane su sha ruwan? Ni ko kai?"

Fuskarsa ta canza. "Ni za ki karanta wa doka? Ni na koya miki ɗaya da ɗaya biyu, yarinya. Tun ba a ƙirƙiro wannan katin ba nake sa hannu a gidan nan."

"Na sani, Kawu."

"To?"

Ta san tambayar da za ta yi masa rashin kunya ce, irin wadda in Mama ta ji sai ta yi mako ba ta kalle ta ba. Ta sunkuyar da kai ta yi ta. "Sakamakon makarantar nan ta bayan tasha, wanda ka sa wa hannu jiya. Me ke cikinsa?"

Ya buɗe baki da saurin wanda ya saba amsa irin wannan, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ya kalli silin, ya kalli katin da ke maƙale a na'ura. Ta so ta janye maganar, ta ce wasa take yi, amma ta riga ta fita.

Ya ce a hankali, "Na san na karanta shi. Na san halina, ba na sa hannu ban karanta ba." Ya mayar da tabarau a fuskarsa. "Amma ko yanka ni za ki yi, ban san me ke ciki ba. Ban ma tuna akwai makaranta a bayan tasha ba."

A waje wani yana tura keken kwalabe, suna ƙara har ya wuce.

Ya ce, "Saura kwana nawa satifiket ɗin ya mutu da kansa?"

"Mako guda da 'yan kwanaki. In mun bar shi, shi ke nan, ba sai an ce komai ba. Sai a ce wa'adi ne ya cika."

Ya girgiza kai. "A mako guda takarda nawa za a kawo min? Kuma yara ba sa jiran ƙarshen wata kafin su ji ƙishirwa. Soke shi yau."

Ta ce, "Kawu," ta kasa ƙarasawa.

"Rubuta abinki, ina kallo. Yau ni ma in ga me kike yi a wannan allon da kike wa mutane yanga da shi."

Ta rubuta umarnin sokewa, yatsunta suna kuskure tana gogewa. Allon ya nemi dalili, ya jero waɗanda ya sani. Ta karanta masa: ko an sace mabuɗin, ko an canza shi da wani, ko mai shi ya daina aikin. Ya tambaya ko babu wurin wanda ya manta. Ta ce babu. Ya ce waɗanda suka ƙera abin nan da gani yara ne, ta sa na ƙarshen. Ya tambayi takardun da ya sa wa hannu a baya, ta ce suna nan da ƙarfinsu, wannan dalilin ba ya taɓa su. Ya ce duk da haka mataimakiyarsa ta sake bin na watannin nan ɗaya bayan ɗaya.

Allon ya yi tambayar ƙarshe, ko an tabbata. Harafi ɗaya ya rage. Ya jawo madannan gabansa ya ce ta nuna masa wanne ne. Ta nuna, ya danna da yatsa ɗaya, ya danna babban maɓallin. Layi guda ya fito, an soke. Ya miƙe ya gyara rigarsa, ya zare katin ya sa a aljihu, ya ce kada ta gaya wa kowa, ko mahaifiyarta. Ranar Litinin da safe shi zai je wurin Manaja da ƙafarsa, ba ya son a ji a bakin wani.

Ta yi ƙarshen makon nan kamar mai zazzaɓi. Mama ta yi ta kallonta ta wutsiyar ido, ita kuma ta yi ta neman abin wankewa. Wani lokaci ta ji ta yi daidai, wani lokaci ta ji babu butulu irinta. Abin da ya ɗan sanyaya mata rai shi ne shi ya yanke, kuma ya fita da girmansa.

Ranar Litinin ko jakarta ba ta ajiye ba ya turo ƙofa. Rigarsa ta sha guga, ga takardu a hammata, ransa a ɓace. Ko rufe ƙofar bai yi ba sai da ta zagaya ta rufe.

"Malama, wane irin rashin mutunci ake yi a gidan nan? Na zura kati, kwamfuta ta ce wai an soke min satifiket. Ni! Ga aikin mutane jibge. Duba min wanda ya yi wannan, yau sai ya gaya min wanda ya aike shi."

Duk tunanin da ta yi kwana biyu, wannan bai zo mata ba. Ta jawo masa kujera, ya ƙi zama. Ya ce ta rubuta, yana tsaye. Ta rubuta, allon ya kawo rana da lokaci da dalili, ya kawo sunan wanda ya ba da umarnin. Sunanta ne, tunda da mabuɗinta aka shiga. Wanda ya danna harafin ƙarshe kuwa, allon bai san shi ba.

Ya sunkuya ya karanta, ya ɗago ya kalle ta. Ba ta taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba, kuma ba ta fatan ta sake gani.

"Ke, Auta?"

"Ni na rubuta, Kawu. Kai ka danna."

"Ni?"

"Ranar Juma'a da rana. A kujerar nan."

Ba ta da shaida ko ɗaya sai bakinta. In ya ce ƙarya take yi, babu inda za ta kai ƙara, kuma Mama bayansa za ta bi. Ya dafa teburin ya zauna a hankali, takardun suka zame ya tare su da gwiwa.

"Me na ce?"

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba, har da faɗan da ya yi mata, har da tambayar rashin kunyar da ta yi masa. Ta ce ta ba shi shawarar su bar wa'adi ya cika da kansa, ya ce yara ba sa jiran ƙarshen wata kafin su ji ƙishirwa.

Ya daɗe yana juya maganar. Ta ga ɓacin ran yana sauka daga fuskarsa, wani abu da ya fi shi nauyi yana hawa.

"Wannan kam maganata ce," in ji shi. "Ke ba ki iya irinta ba." Ya kalle ta. "Na yi kuka?"

"A'a, Kawu."

"Na roƙe ki?"

Ta ce, "Sau ɗaya. Daga baya ka fasa."

Ya gyaɗa kai. Ya daidaita takardun a kan teburinta, gefe da gefe, ya ɗora katin a sama ya ture su gabanta.

"To mutumin nan na ranar Juma'a ya fi ni sanin abin da ake ciki. Maganarsa za mu bi." Ya miƙe, ya miƙo mata hannu kamar lokacin da yake tsallakar da ita titi, sai dai yau shi ne ya riƙe da ƙarfi. "Taso ki raka ni ofishin Manaja. Yi sauri, Auta, kafin mu kai ƙarshen barandar nan in tambaye ki ina za mu."